Zalhata, mutuniyar tsibirin da ba kogi

Ina cikin bas a Old Kent Road ranar Talata, Nasriya ta kira ni. "Anti, Mummy is gone." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ƙarasa gida ba, na sauka na nufi asibiti a Camberwell.

Uwarta Zalhata ba Bahaushiya ba ce. 'Yar Komoro ce, wasu 'yan tsibirai a teku kusa da Madagaska. Tun rasuwar maigidana ni da ita muke wankan gawar mata a masallacinmu. Turancinta gurgu, nawa makaho, a haka muka zauna.

Ranar da na tambaye ta ina ne garinsu, dabino huɗu ta jera a tire. "Wannan Ngazija, namu. Ga Nzuwani, ga Mwali. Wannan Mawore, da muka karɓi mulkin kai shi ya zauna da Faransa." Na kai hannu kan na huɗun, ta buge ni. "Ajiye, Hajiya. An riga an ɗauke mana shi sau ɗaya."

Tsibirinsu baƙin dutse ne mai aman wuta. Teku ta ko'ina, amma ba kogi, ruwan sama suke tarawa. Shi ya sa in muna wanka ba ta yarda a saki famfo, buta take cikawa. Takan ce, "Mamaci ba ambaliya yake so ba, sutura yake so."

Abu ɗaya ya dame ta. A gidansu 'ya ke wanke uwa. Ita ta wanke tata uwar, uwar kuma ta wanke kakarta. Nasriya kuwa haihuwar nan ƙasar Turawa ce, ko mataccen ɓera ta gani sai ta tsallaka titi. Zalhata ta sha ce min, "A kaina abin zai yanke."

Ranar wanka Nasriya ta toge a bakin ƙofa. "Anti, I can't."

Ban lallashe ta ba. Na ce, "Ni ba ita ta haife ni ba. Sa safar hannu ki shigo."

Ta shigo. Na nuna mata ta fara da dama. Rabin butar farko a ƙafata ta zuba. Ta yi wanka na biyu, ta yi na uku, ta raba wa uwarta gashi gida uku ta kitse da kanta. Ni likkafani kawai na miƙa.

Zalhata, bai yanke ba. Da idona na gani.

Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya yalwata kabarinta. Allah Ya ba Nasriya da 'yan'uwanta na can tsibiri haƙuri. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.