Labaran da Mudun Iska

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a Kankiya ya san Labaran mai faci, dogon nan mai zama gindin dalbejiya da injin ba da iska. Mutum ne mai tsoron haƙƙi har abin ya yi yawa. In kaza ta tsinci tsaba a gabansa, sai ya bi sawu ya ji ko ta wace ce. Tun yana saurayi ya ji wa'azi a kan masu tauye mudu, bai sake samun sukuni ba.

Shekara da shekaru yana ba tayar mota iska talatin da biyu, kowa na godiya. Sai wani Harisu ya buɗe faci a Kusada, shi kuma ɗari biyu da ashirin yake bayarwa. Nan da nan direbobin kasuwa suka juya wa Labaran baya, har ana nuna shi da baki a masallaci.

Abin ya ci masa rai matuƙa. Ya ɗauki gejinsa, agogon nan na awon iska, yana bi tasha-tasha yana bayani: baƙin layi PSI ne, ja kuma kilofaskal, ɗaya na baƙin ya kusa bakwai na jan. Allura ɗaya ce ke nuna duka biyun, Harisu ja yake karantawa, shi baƙi. Direbobi suka saurara da ladabi, sannan wani ya tambaye shi ina sauran ɗari da tamanin da takwas ɗinsu.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya garo taya har zauren Malam Modibbo, ya ɗora geji, ya nuna masa. Malam ya daɗe yana duban allurar.

"Yanzu Labaran, abin ga guda, awo biyu gare shi?"

"Allah gafarta Malam, iskar ɗaya ce."

"To ai nan ɓarnar take. Mi mai gaskiya zai yi da mudu biyu? Ka tahi ka kashe guda."

Labaran ya sayo fenti ya shafe baƙin layin. Kafin kasuwa ta zagayo, motoci sun yi layi har bakin titi. Aka ce ya tuba, aka ce hannunsa ya buɗe, wani ma ya sa wa ɗansa sunansa.

To, a nan ne fa ya shiga uku. Shi ya san ko numfashin sauro bai ƙara wa kowa ba, ga shi ana yi masa addu'ar da bai yi aikinta ba. Don ya halatta addu'ar, sai ya fara yin gyara irin na masu awon hatsi: in allura ta kai inda ya kamata, ya ɗan ƙara. Aka ƙara yabo, ya ƙara gyara.

Yanzu haka da wuya ranar kasuwa ta wuce ba a ji ƙarar fashewar taya a hanyar Yashe ba. Direbobi kan sauko su dubi tsumman robar, su tsine wa tayoyin zamani da ba sa iya ɗaukar alherin Labaran. Shi kuwa ya roƙe su gafara har ya gaji. Duk wanda ya gaya wa gaskiya sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ji bayin Allah, ba su son a san alherinsu."