Notin Juye a Hanyar Kankiya

Dala, Talata, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallar asuba na wuce bakin titi na tayar da mota, na bar ta tana ɗumi, na koma cikin lungu in ɗauko Hajiya. Gidanmu yana bayan dutsen Dala, kuma mota ba ta shiga lungunmu, don haka zangon farko da ƙafa muka yi shi. Hajiya mahaifiyata ce, ta haura shekara tamanin, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Na riƙe ta ta dama, maiɗakina Rabi ta riƙe ta ta hagu, sau uku muna tsayawa tana hutawa a dakalin mutane. Tafiyar da nake yi a minti biyu ta ci mana minti goma sha biyar.

Kankiya muka nufa, wajen ƙanwarta Inna Binta, wadda aure ya kai can tun kafin a haife ni. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ranar Litinin da la'asar Sabi'u, ɗan Inna Binta, ya bugo waya ya ce jikinta ya yi tsanani, ba ta kiran kowa sai Yaya.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun daga nan. Ni tela ne, amma ina da karambanin taɓa mota. Bayan wayar Sabi'u na tuna lokacin juye, wato canjin baƙin mai, ya wuce, na leƙa gareji na tarar da layi, sai na sayo baƙin mai na shiga ƙarƙashin motar da kaina. Da na zo mayar da notin da ake kwancewa tsohon mai ya tsiyaye, sai na zura bututu a sifana don in ji ya ɗauru sosai. Ya yi tauri, na ƙara, nan take na ji ya saki a hannuna. Na san abin da hakan ke nufi. Na goge wurin da tsumma, na tsuguna ina kallo kamar minti biyar, ban ga ɗigo ba. Na tashi na wanke hannu, ban gaya wa kowa ba.

Ƙarfe shida saura minti goma muka ɗauki hanya, ni da Hajiya. Rabi ta koma wajen yara.

Ƙofar Ruwa zuwa Dawanau

Titi babu kowa sai masu shayi da ke hura wuta da 'yan adaidaita sahu ɗaiɗai. Muna wuce Kurna Hajiya ta yi magana daga baya, inda ta miƙe ƙafafunta a kan kujera.

"Habibu, ka san akwai alkawari tsakanina da Binta?"

"Wane iri, Hajiya?"

"Duk wadda ta riga, 'yar'uwarta ce za ta yi mata wanka. Ranar da aka rufe Babanmu muka yi shi. Ni duk a zatona ita ce za ta yi mini."

Na ce in sha Allahu za mu tarar ta samu sauƙi. 

Shida da minti ashirin muka iso shingen bincike na wajen Dawanau, kilomita goma sha biyar daga gida. Jami'in ya leƙo, ya gaida Hajiya da ladabi, ya tambayi inda za mu. Na ce Kankiya, dubiya. Har ya ɗaga mini hannu, sai ya sunkuya ya kalli ƙasa.

"Alhaji, motarka tana ɗigar da wani abu fa."

"Ruwan esi ne," na ce masa.

Tun da na sayi motar nan esinta mai sanyaya iska bai taɓa aiki ba.

Kilomita bakwai kafin Bichi, bakwai saura minti goma

Jar fitilar mai ta kama. Na gangara gefen titi na kashe inji, na fito na dubi baya. Ga baƙin layi nan a kan kwalta, siriri, ya bi mu har inda idona ya ƙure. Na kwanta na taɓa notin da yatsu biyu. Juyawa yake yi kawai, ba ya kama komai.

Na bar Hajiya da gorar ruwa, na tsayar da ɗan acaɓa, naira ɗari bakwai zuwa cikin Bichi. Shi ya kai ni wajen wani dattijon bakanike, Malam Sale, na same shi yana karyawa da koko da ƙosai. Ya ajiye kofin bai ƙarasa ba, ya tayar da tsohuwar akori-kurarsa, muka koma tare. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar, bai yi minti ɗaya ba ya fito da notin a tafin hannunsa. Jikin notin duk ɓurɓushin farin ƙarfe.

"Ka ga wannan? Haƙoran ramin ne, tiredin ke nan, ya biyo notin ya fito. Kwanon ƙasan injin naka na alminiyam ne, ba ya son ƙarfi. Wane azzalumin ne ya yi maka juye?"

Gilashin baya a sauke yake, Hajiya tana jin mu.

"Ni ne," na ce.

Malam Sale ya kalle ni, ya kalli Hajiya, ya ce, "To, Allah ya rufa asiri ka tsaya da wuri, injin bai buga ba." Ya ɗaura igiya ya ja mu.

Bichi, takwas da kwata

Garejinsa rumfa ce ta kwano a gindin darbejiya, gidansa yana bayanta. Muna isa Sabi'u ya kira. Ya ce ta ɗan farfaɗo, har ta sha kunu cokali uku. Na ce masa mun samu 'yar matsala, amma kafin hantsi muna Kankiya. Wannan wayar ce ta kwantar mini da hankali, kuma ita ce ta cuce ni.

Malam Sale ya naɗa wa notin farin tef irin na masu gyaran famfo, ya shafa gam, ya mayar a hankali. Muka zuba mai lita ɗaya don gwaji, ya tayar da inji. Minti uku ba a yi ba ɗigo ya dawo, sannan ya zama zuba. Aka kira mai walda daga tsallaken titi, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa kwanon da ɗan yatsa, ya ce wutarsa ba ta kama irin wannan ƙarfen. Malam Sale ya zazzage gwangwanayen notinansa kaf a kan buhu, babu wanda ya yi daidai.

"Magani ɗaya ne," in ji shi. "A yanka wa ramin sabon tiredi, a sa noti mai ɗan ƙarin kauri. Ƙarfen yankan, wanda muke kira taf, nawa ya karye tun watan jiya. Sai Ƙofar Ruwa." Ya goge hannunsa, ya rage murya. "Alhaji, in ba ka shawara? Bar mini motar. Ga tasha can, ɗauki shata ka kai tsohuwa. Kilomita saba'in ne, awa ɗaya kuna can. In kun dawo ka tarar da motarka a gyare."

Hajiya ma ta ce, "Habibu, mu hau ta hayar."

Na ce ƙafafunta ba za su jure ba, na ce ai Sabi'u ya ce da sauƙi, na ce awa biyu kacal zan yi in dawo. Duk na faɗi waɗannan. Abin da ban faɗa ba shi ne tsoro nake ji in bar motata a hannun mutumin da ban sani ba, a musanya mini kaya. Mutumin da ya bar kokonsa ya biyo ni daji.

Matarsa, Malama Ladi, ta fito muka kama Hajiya muka shigar da ita cikin gida. Na kulle motar na sa makulli a aljihu. Wayata tana ciki, a kan kujerar gaba, sai da muka wuce Dawanau na laluba na ji babu.

Komawa Kano, Ƙofar Ruwa

Na shiga motar haya goma saura minti ashirin, ba ta cika ba sai goma da kwata. A Kurna wata tirela ta lalace ta tare rabin titi. Sha ɗaya da minti ashirin na sauka a Ƙofar Ruwa, inda na wuce da asuba. Daga nan ana hango Dala. Da na ga dama minti goma zai kai ni gida.

Rana ta buɗe, zafin bazara. Na bi rumfunan 'yan kayan mota da tsohon notin a hannu. Na farko ya ce babu. Na biyu yana da noti ba shi da taf. Na uku ya ce in sayi kwanon gaba ɗaya, ya ɗauko wani, ba irin na motata ba. Wani ya tura ni layin masu ƙarafa, can ma aka tura ni wani layin. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dace da wani mai rumfa da ya auna notin da ma'auni, ya haɗa mini taf da sabon noti da woshar tagulla, naira dubu shida da ɗari biyar. Na ƙara galan na baƙin mai. Na yi tunanin in ari wayar mai rumfar, amma lambar Sabi'u ba ta kaina.

Na yi azahar a masallacin kasuwa, na sha ruwan leda biyu, ban iya cin komai ba. Motar Bichi ta tashi biyu saura minti goma.

Bichi kuma, uku saura minti biyar

Na miƙa wa Malam Sale leda, na buɗe mota na ɗauki wayar. Ta yi zafi kamar dutsen guga. Kira goma sha huɗu, duk na Sabi'u.

"Yaya Habibu, ina kuka shiga?" Muryarsa a dashe. "Inna ta cika tun sha ɗaya da minti ashirin. Mun jira ku har bayan azahar. Ga zafi, manya suka ce kada a ƙara ajiye ta. Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Malam Sale ya dafa kafaɗata ya ce in shiga, ba wanda zai gaya wa Hajiya sai ni.

Na yi sallama. Hajiya tana kan tabarma a inuwar rumfa, ga kwanon ɗanwake da aka ajiye mata a rufe, ba ta taɓa ba.

"Ka samo?" ta ce.

"Na samo, Hajiya." Na durƙusa. "Sai dai haƙuri. Inna ta riga mu gidan gaskiya."

Ta yi salati, ta maimaita innalillahi sau uku, a hankali.

"An rufe ta?"

"An rufe."

"Wa ya yi mata wanka?"

"Ban tambaya ba."

"Kira ka tambaya."

Na kira a gabanta. Matar Sabi'u ce da wata maƙwabciya. Na gaya mata. Ta ce, "To." Malama Ladi, wadda ba ta san Inna Binta ba, ita ce ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi.

A waje Malam Sale ya riga ya kwance kwanon. Ya shafa wa taf ɗin giris, ya kafa shi a miƙe, yana murɗawa rabin zagaye ya dawo da shi baya, ya sake murɗawa. Ya wanke ɓurɓushin da fetur, ya bar kwanon ya bushe a rana, ya shafa gam a bakinsa ya mayar. Sabon notin da yatsu ya shigar da shi har ya zauna, sannan ya ɗan taɓa shi da sifana sau ɗaya. Muka zuba mai, ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, inji ya yi minti goma yana aiki. Takardar ta fito fes. Duka aikin minti arba'in ne. Na miƙa masa kuɗin aiki, ya ce in sa su a sadakar mamaciya.

Kankiya

Mun bar Bichi huɗu da rabi bayan la'asar, muka bi ta Tsanyawa, shinge biyu, ba wanda ya tsayar da mu. Shida saura kwata muka isa. Mata suka fito suka tallafi Hajiya zuwa ɗakin Inna Binta. An naɗe katifar an jingine ta a bango, ƙasan ɗakin bai gama bushewa daga ruwan wankan ba. Hajiya ta ce a shimfiɗa mata tabarma a nan, kuma a nan ta kwana uku.

Ni aka sauke ni a zaure tare da Sabi'u. Ana kawo tuwon dawa da miyar kuka, ina taɓawa in janye hannu. Washegari Sabi'u ya raka ni kabarin. A hanyar dawowa na tambaye shi ko ta yi magana kafin ta cika. Ya ce duk motar da ta wuce a titi sai ta buɗe ido. Daga nan ban ƙara tambayarsa komai ba.

Dala, Juma'a

Bayan addu'ar uku muka taso ƙarfe bakwai na safe. Na tsaya a Bichi na gaida Malam Sale, ya leƙa ƙasan motar ya ce ko gumi ba ta yi. Tara da rabi muna bakin lungunmu. Daga Kankiya zuwa Dala Hajiya ba ta ce mini komai ba sai da ta nemi ruwa a Tsanyawa.

Kafin azahar gidan ya cika da 'yan gaisuwa. Ɗakin ɗinkina bango ɗaya ne da na Hajiya, ina zaune a gaban keke ban ko zare zare ba, ina jin su. Kowace ƙungiyar mata ta shigo, bayan sun ce ya haƙuri, tambayar ɗaya ce: "Kun dai same ta da rai, Hajiya?"

"Allah bai nufa ba," take cewa. "Mota ce ta ba mu matsala a hanya. Habibu ya sha wahala ƙwarai, har Kano ya dawo neman kayan gyara."

Har magariba haka take faɗa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ina godiya ga Allah da ya dawo da mu gida. Ina godiya ga jami'in shingen Dawanau da ya gaya mini gaskiya, da Malam Sale da iyalinsa, Allah ya saka musu da alheri. Allah ya jiƙan Inna Binta, ya sa ta huta. Ku da kuka karanta, ku taya ni roƙon Allah ya ba ni ƙarfin shiga ɗakin Hajiya in nemi gafararta. Yau kwana tara, kullum a bakin ƙofa nake gaishe ta in juyo.