Fuskokin da Malam Ya Bari Babu Fenti

Shekara biyar ke nan da aka binne maigidana a Doha, garin da muka je da niyyar mu yi wata uku mu dawo. Sunansa ba zan faɗa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba yanzu zan fara ba. Mutanen Bukuru sun san shi da Mai-fenti, ni kuwa Malam nake ce masa. Ban yi karatu ba, surukata Rahama ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na roƙe ta in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni, kada ta cike mini gurbin da tata maganar.

Abu biyu ne suka kai mu. Rahama ta haihu, mahaifiyarta kuma ta rasu, babu mai yi mata wankan jego. Shi kuma Malam yanar ido ta rufe shi har ba ya bambance ni da labule. Sai ɗanmu Sani, mai aikin na'urorin sanyaya gine-gine a can, ya ɗauke mu mu biyu. Aka yi wa Malam aiki. Ranar da aka kwance masa bandeji ya dube ni da kyau ya ce, "Ashe kin tsufa, Hajiya." Na ce, "Ai da madubi aka fara miƙa maka." Ba a jima ba korona ta sauko. Aka tsayar da jirage, aka rufe masallatai, muka maƙale a bene a unguwar Gharrafa, mutumin da ya samu sabon ido ba shi da abin kallo sai bango.

A cikin wannan zaman ne wani Bature abokin aikin Sani ya rasa aikinsa, zai koma ƙasarsu, ya bar masa kwalaye. Da aka buɗe sai ga 'yan mitsi-mitsin sojoji na roba, launin toka, babu wanda ya kai ɗan yatsana tsawo, wasu ma kai daban hannu daban. Ga ƙananan kwalaben fenti, ga buroshi siriri kamar tsinken sakace. Sani ya ɗauka zai kai shara. Malam ya ce, "Ajiye." Muryarsa ce ta sa na ɗago kai.

Yana yaro ya yi aiki a gidan wani Bature na kamfanin haƙar kuza. Mutumin yana da irin waɗannan sojoji na dalma, yakan jera su a tebur ya yi yaƙi da abokansa, ana jefa ƙwayar ludo, ana auna tafiyar kowa da ma'auni. Shi ya fara sa wa Malam buroshi a hannu. Daga nan hannun ya tafi ga manyan motoci, ya ciyar da mu da fentin bodi har idonsa ya mutu. A duk zamanmu sau ɗaya ko biyu ya ba ni labarin sojojin nan, na ɗauka hira ce. Fiye da shekara hamsin bai sake ganin irinsu ba. Ran nan ya zauna a ƙasa, tsoho da furfura, yana juya ɗaya a tafin hannu, bai ji kiran abinci ba.

Bai haɗa su yadda hoton kwalin ya nuna ba. Ya sa reza ya yanke bindigogin. Ya lanƙwasa waya ya yi diga, ya yi shebur. Farin kwanon da ake manne ƙwayar maganina na hawan jini a ciki, shi ya yanka ya yi kwanon ɗaukar ƙasa, har na riƙa ɓoye wanda ban shanye ba. Akwai wani abu kore mai danƙo kamar cingam, yana murza shi ya yi hula, ya yi 'yar shara, ya yi gammo. Hannun wannan ya liƙa wa wancan. In ya gama shafa launi sai ya tsinka baƙin fenti da ruwa ya bi kansa, ya shige cikin ninkin riga, yana ce masa ruwan datti. Ƙafafunsu kuwa ja yake yi musu, jar ƙasar ramin kuza. Da haka sojojin Turawa suka zama leburorin Bukuru.

Kuma ba leburori kawai ba. Wata rana na ɗauki ɗaya mai karkatacciyar kafaɗa, na ce, "Malam, wannan ai Ɗan'azumi ne." Maƙwabcinmu ne da rami ya rufta da shi muna sabon aure. Ya ce, "Kin gane shi?" Na ga Garba Dogo da tsayuwarsa ta mai jin yunwa. Na ga wasu da na manta sunayensu amma ban manta tafiyarsu ba. Dukkansu matattu ne.

Abu ɗaya ne bai taɓa ba. Fuskokinsu ya bar su toka, yadda suka fito daga kwali. Na ce, "Ba ka gama ba." Ya ce, "Na gama. Riga aikina ce, diga aikina ce. Fuska ba aikina ba ce. Zakuna da mikiyar da na zana a bayan motoci da ƙuruciya, har yau istigfari nake yi. Ba zan ƙara wa kaina kaya ba." Ni kaɗai ya faɗa wa haka. Sani yana fita aiki da takunkumi ya dawo a gajiye, bai taɓa tambaya ba.

Da aka ɗan sassauta kulle, mutum biyu suka riƙa zuwa bayan sallar Juma'a. Akwai Rodel, ɗan Filifin abokin aikin Sani, wanda ya daɗe yana wannan wasan yaƙi da sojojin roba kuma yana da tasa rundunar. Akwai Issaka, direba ɗan Zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Najma, wanda kawo Rodel kawai ya zo yi, wasan ya kama shi. Ina kicin ina jin su. Issaka ya ce, "Baba, diga za ta kara da bindiga? Maza, ka sallama mu tafi!" Malam ya ce, "Mutanen da suka fasa dutse, kai ne za ka gagare su, ɗan Gwanja?" Rabon da in ji irin wannan dariyar daga bakinsa tun kafin idonsa ya lalace.

Sai cutar ta sake dawowa da ƙarfi. Ya fara tari. Motar asibiti ta zo, mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka sauko da shi. Ganina na ƙarshe da shi, rabin fuskarsa a rufe take da takunkumi. Ba a bar ni na je ba, ba a bar ni na ga gawarsa ba. Sani da mutane ƙalilan suka yi masa salla. A ɗakin da kwalabensa suke na yi takaba, warin fenti bai gama fita ba, sannan na koma Bukuru ni kaɗai.

A gida, yayan Malam, wanda muke kira Yaya Alhaji, ya ji labarin sojojin. Ya zo ya zauna a bakin ƙofata yana hawaye, domin ba mugu ba ne, ƙaninsa yake ji wa tsoro. Ya ce, "Hajiya, mutum-mutumi ne fa. Malamai sun ce mai yin su za a ce ya busa musu rai ranar tsayuwa. Ki sa Sani ya farfasa su, mu sauƙaƙa masa kwanciya." Na ce, "Yaya, ba su da fuska. Da gangan ya bar su." Ya ce in haka ne da sauƙi, amma in yi masa alkawari, in har akwai ido da baki a jikinsu, a fasa. Na yi alkawarin da zuciya ɗaya, don na san abin da na gani.

Komawata Doha, gasar ƙwallon duniya da aka yi a can ce ta buɗe mini hanya. A lokacin ba a shiga ƙasar sai da katin 'yan kallo, sai Sani ya saya mini tikitin wasa. Ni da ban san yawan mutanen da ke buga ta ba, na sauka da kati rataye a wuya. Issaka ya zo tarona sanye da rigar Ghana, ya ce, "Mma, tunda ƙasarku ba ta zo ba, ki shigo layinmu." Na ce, "Ni wurin mijina na zo." Ya karɓi jakata. Washegari Sani ya kai ni bakin maƙabarta. Ban shiga ba, daga cikin mota ya nuna mini ɓangaren da yake. Fili ne fari, rana tana dukansa. Na yi masa addu'a daga nesa, kamar yadda na rabu da shi daga nesa.

Ranar Juma'a Rodel ya zo da kwali a rungume. Sani yana fassara mini, yana murmushi ido cike da ƙwalla. Wai Rodel ya ga Baba bai samu gama aikinsa ba, ya karɓe su, ya yi watanni yana ƙarasawa don ya ba ni kyauta. Ya buɗe kwalin.

Duk suna kallona. Ido, gira, leɓe, wasu har da gashin baki. Ya yi ƙoƙari, bawan Allah, har launin fatarmu ya kama. Na nemi Ɗan'azumi na ga kafaɗarsa, amma wani baƙo ne ke leƙowa daga samanta. Na nemi Garba Dogo ban same shi ba. Da babu fuska ina ganin tasu, da aka sa musu sai suka tafi. Ga kuma alkawarin da na yi wa Yaya Alhaji. Me zan ce wa mutumin da ya ba da idonsa da hutunsa saboda mijina? Na ce Sani ya gaya masa na gode, Allah ya saka. Na sa Rahama ta zuba masa abinci.

Da su Rodel suka fita kallon wasa na riƙe Sani na gaya masa komai. Ya zauna daɓas a ƙasa. Shi a zatonsa wani buroshi da ya fi siranta mahaifinsa yake jira kafin ya yi fuskokin, shi ya ba Rodel izini. Ya ce, "Inna, sai mu fasa ke nan?" Na shiga kicin na ɗauko ƙaramar taɓaryar Rahama. Na ɗora Ɗan'azumi a kan katako. Na ɗaga hannu. Ina kallon kwanon da ke kansa, na maganina ne, har ina tuna ranar da muka yi faɗa da Malam a kansa. Hannun ya ƙi sauka.

Na ce Sani ya nemo mini fenti launin toka cikin kwalaben Malam. Ya ce shi zai yi. Na ce a'a. Tunda nake ban taɓa riƙe alƙalami ba, ranar na riƙe buroshin mijina. Na ɓata hular wannan, na taɓa wuyan rigar wancan. Kwanaki na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau a taga, a ƙasa motoci suna ta ham da tutoci, duniya duk ta taru tana murna. Ina rufe ido biyu, ina kuka, ina ɗauko na gaba. Da Sani ya yi wa Rodel bayani, ya zo ya tsaya a gabana ya sunkuyar da kai ya daɗe. 

Na kira Yaya Alhaji ban ɓoye masa komai ba. Na ce an yi fuska, ban fasa ba, na rufe. Ya ce, "Rufewa da gogewa ɗaya ne?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni ma ban sani ba, Hajiya. Allah shi ne masani." Bai sake ta da maganar ba har ya rasu bara.

Yau Sani yana ce mini an yi inji da ke fitar da irin sojojin nan a cikin ɗaki, kowace siffa mutum yake so, ba reza ba waya. Nakan yi tunanin abin da Malam zai ce. Ya ga yadda sitika ta kashe fentin mota, bai zagi kowa ba, cewa ya yi hannu ne kawai ya rasa wurin zama. Ina jin zai karɓi na injin ya juya shi, ya yaba, sannan ya nemi rezarsa. Da zai ga jikar da haihuwarta ta kai mu can tana zuwa makaranta, da zai ga an cire takunkumi kowa yana yawo da fuskarsa a buɗe kamar ba a yi komai ba, ban san ko zai yi murna ko zai yi shiru ba. Ni dai har yanzu in na ga tsoho da takunkumi a asibiti sai na nemi wurin zama.

Motocin da ya yi wa fenti sun zama ƙarfen awo. Ramukan kuza sun zama tafkuna. Kabarinsa yana ƙasar da sai da biza zan ga katangarsa. Abin da ya rage na hannunsa yana gidan Sani, kuma har yau Issaka da Rodel suna jera su ranar Juma'a, suna ce musu mutanen Baba. Na tambayi malamai, wani ya ce babu komai, wani ya girgiza kai. Na san idanun nan suna nan a ƙarƙashin tokar da na shafa, kuma babu ranar da ba na tuna haka a kan sallaya.

Wanda ya karanta wannan, ya roƙa wa Mai-fenti na Bukuru gafara. Shi ya tsaya inda ya ga ya kamata ya tsaya. In an zo tambayar fuskokin nan ranar da ba a ɓoye komai, ya Ubangiji, kada a tashe shi, kada a kama baƙon da ya yi don alheri. Ni na ƙi fasawa, kuma hannuna ne na ƙarshe a kansu. A tambaye ni.