Rayuwar Thandavarayan Pathar da Tsabar Kaisar Mai Sara a Fuska

Haihuwa

An haifi Thandavarayan Pathar a shekarar 1941 a garin Karur, bakin kogin Amaravathi. Mahaifinsa Kandappa maƙerin zinariya ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Angammal.

Karatu da sana'a

Ya bar makaranta a 1952 ya zauna a maƙerar mahaifinsa, inda masu tankaɗe yashin kogi suke kawo abin da suka tsinta. A nan ya koyi bambance tsabar kuɗin zinariya na Rumawan dā: Kaisar Nero da kaurin wuyansa, Kaisar Tiberius da macen da ke zaune a bayan tsabarsa. Da yawa daga waɗanda ake samu a ƙasarmu suna da sara a fuskar sarkin, wanda mutanen dā suka yi musu. Maƙera kan ɗauke su lalatattu su narkar. Shi kuwa ya shafe shekaru yana roƙonsu su bari, kuma galibi ba a saurare shi ba.

Guda ɗaya tak ya mallaka, ta Tiberius, wadda ya gada daga sarƙar mahaifiyarsa a 1968. Sara ya ratsa ta daga kunne zuwa haɓa.

Aure da zuriya

A 1970 ya auri Sornam, suka haifi 'ya'ya uku. Takan tsokane shi a kan tsabar ta ce, "Wannan tsohon mai tabo ya fi mu samun gaisuwar safe." Ta rasu a 1998. Babban ɗansu Ilamaran ne ya gaji maƙerar.

Shekarun ƙarshe

Daga 2009 idonsa ya fara mutuwa, har ya koma gane tsabar da babban yatsa kawai. A 2011, gab da bikin cikarsa shekara saba'in, Ilamaran ya ɗauki tsabar a ɓoye, ya cike saran da zinariya, ya goge ta har ta yi ƙyalli, domin a ganinsa maƙeri ba ya barin kayan ubansa da rauni. Da safiyar bikin ya sa wa mahaifin ita a hannu a maƙera.

Tsohon ya shafa, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wa ya cuce ka? Wannan fuska sumul kamar ta ango! Jabu ce. Je ka ɗauko tawa ka ga ta gaske." Kafin ɗan ya buɗe baki, tsohon ya lalubi kaskon narkar da zinariya da ke kan wuta ya jefa ta ciki.

Ilamaran ya ce, "Baba, taka ce. Gyara ta na yi."

Tsohon ya tambaya, "Ta narke?"

Aka ce masa ta narke.

Tun daga ranar bai sake shiga maƙera ba. Masu tankaɗe sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, yana mayar da su, har suka koma kai wa masu narkarwa.

Rasuwa

Ya rasu a watan Yuni na 2013. An binne shi a zaune bisa al'adar gidansu, da ɗan dunƙulen zinariyar tsabar da ta narke ɗaure a gefen mayafinsa. Ya bar 'ya'ya uku: Ilamaran, wanda ya rufe maƙerar a shekarar, da Kayalvizhi, da Poongodi. A cikinsu babu wanda ya iya bambance fuskar Kaisar ɗaya da ta wani.