Kawu Lawali da Ragar Kan Ƙanƙara

A bakin kakata Delu na fara jin sunansa, a gidanmu na Maradi, ina 'yar shekara bakwai. Ta ciro wani tsohon wando daga ƙasan adaka za ta gyara wa jikanta, sai ta ɗaga shi sama, gwiwoyin duka biyu a yage. Ta ce, "Lawali ke nan. Wando bai taɓa cika wata biyu a jikinsa ba." Na tambaye ta wane ne Lawali. Ta ce autanta ne, ƙanin mahaifiyata, yana can Saudiyya, kuma lokacin da yake gida ba shi da aiki sai tsayawa tsakanin duwatsu biyu, samari suna buga masa ƙwallo yana zubewa ƙasa. Har ta rasu ba ta gane dalilin da zai sa mai hankali ya zaɓi zama wanda ake jifa ba.

Ban gan shi da idona ba sai bayan shekara biyar, da mahaifina ya samu aikin tuƙi a Riyad ya ɗauko mu muka zauna a unguwar Malaz. Ranar Juma'a ta farko, bayan an sauko daga masallaci, wani mutum gajere mai faɗin kafaɗa ya yi sallama. Ana zafin da ko tsuntsu ba ya tashi, amma shi rigar sanyi ce rataye a hannunsa. Mama ta dube shi ta ce, "Kai kuma wace cuta ke damunka?" Ya ce, "Yaya, daga wurin aiki nake." Da na durƙusa na gaishe shi ya dafa kaina, na ji tafinsa kamar an fito da shi daga firji.

Abin da zan faɗa game da shekarunsa na farko, daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin abokinsa Badamasi, tela a unguwar Batha, wanda suka zo ƙasar nan a jirgi ɗaya.

Kawu ya zo ne a matsayin mai shara. Abin da aka rubuta a iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ke nan, kuma har ya bar ƙasar ba a canza ba. Kamfanin da ya ɗauke shi ya ba shi gado a gidan ma'aikata a unguwar Sulay, kowace safiya mota tana kai su wani babban kanti mai hawa uku. A hawa na ƙasa akwai filin ƙanƙara, inda iyaye ke kawo yara su sa takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa su riƙa sulɓi. Ranar farko da aka ce ya shiga ya ɗauko safar hannun wani yaro, ya taka da ƙarfinsa kamar mai shiga ɗaki, santsi ya kwashe shi. Ya ce bai san lokacin da ya ga fitilun rufi ba.

Akwai wani dattijo ɗan Filifin mai kula da motar gyaran filin. Ita motar tana kankare saman da takalma suka farfasa, ta kwashe garin, sannan ta shimfiɗa ruwan ɗumi ya daskare sumul. Kawu ya riƙa binsa da guga. Dattijon ba ya jin Larabci sosai, Kawu ba ya jin Turanci, da hannu aka yi karatun: yadda ake saita wuƙar motar, yadda ake rage gudu a kwana don kada ruwa ya taru, yadda ake dafa ƙanƙara da tafi a gane ko ta yi laushi. Da dattijon ya koma ƙasarsu, mudir, wato shugaban wurin, ya miƙa wa Kawu makullin. Tafiya da takalmin kuwa shi ya koya wa kansa, yana tura kujerar roba a gabansa kafin a buɗe kanti.

Da safiyar Juma'a, lokacin da kantin yake rufe, wasu baƙi suna hayar filin su yi hoki. Injiniyoyi ne da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, daga Kanada da Turai, da Larabawa biyu da suka koyo wasan a wurin karatu. Kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri kamar dutse, suna neman jefa shi raga. Mai tsaron ragarsu aikinsa ya ƙare ya tafi, ya bar kayansa a ɗakin ajiya don sun fi ƙarfin akwati. Babu wanda ya yarda ya maye gurbinsa. Sai suka riƙa kwantar da benci a bakin raga.

Kawu ya yi sati uku yana kallon bencin nan. Ya ce abin ya riƙa ci masa rai, a ce raga guda an bar wa katako. A sati na huɗu ya je wurin kyaftin ɗinsu, wani likitan haƙori mai furfura, ya nuna ragar, ya nuna ƙirjinsa.

Ranar ya ba su dariya. Golan ƙwallon ƙafa ne, don haka da faifan ya taho sai ya yi tsalle ya bi shi da dukan jikinsa, ya sulale har bango, ya bar raga a buɗe kamar ƙofar gidan biki. Sau goma sha ɗaya aka ci shi. Amma likitan ya lura da abu ɗaya: duk ƙarfin bugu, Kawu ba ya rufe ido. Ya koya masa cewa a nan ba a bin faifai, jira ake yi. Ka zube a kan gwiwa biyu, ka baje ƙafafu, ka cika ragar da jikinka. Kayan sun yi masa yawa, mai su dogo ne, sai ya kai wa Badamasi. Badamasi ya juya sulken ƙirjin nan ya ce, "Yaƙi za ka ko wasa?" Ya karya allura huɗu kafin ya rage maɗaurin.

Shekara goma sha biyu ya yi a ragar nan. Ba sana'arsa ba ce a takarda, amma ban san abin da ya riƙe da muhimmanci kamarta ba. 'Yan wasa suna zuwa suna tafiya yadda aiki ya kawo su, kyaftin ya canza sau uku har likitan ya sake karɓa, shi yana nan. Duk sabon zuwa, a kansa ake gwada shi. Yatsunsa biyu sun karye sun haɗe a karkace. Mama tana yi masa faɗa, yana cewa, "Yaya, ai su suka tare hanya."

A shekararsa ta ƙarshe gwiwar hagu ta ƙi. Likitan ƙashi ya ce idan yana son ya ci gaba da yin sujada ba a kan kujera ba, ya bar zubewar nan. Kwangilarsa ma ta zo ƙarshe, ya yanke shawarar komawa gida. Sai ga shi ƙungiyoyin baƙi na garuruwa huɗu sun shirya 'yar gasa a tsakaninsu, a filin su Kawu, kwana biyu. Ya ce wannan zai tsaya, daga ita ya ajiye. Su Kawu suka ci wasa biyu, suka kai na ƙarshe da wata ƙungiya daga gabas, ta ma'aikatan kamfanoni. Muka je ni da Mama da Badamasi, muka zauna a layin gaba cikin barguna.

A nan matsala ta taso. Maulud, abokin aikinsa da ya koya wa motar, shi ya yi gyaran ranar farko, amma da asuba aka kira shi cewa mahaifinsa ba lafiya, ya nufi filin jirgi. Mudir kuma ya ce babu hannun da zai taɓa motar sai na Lawali. Wasan kashi uku ne, kafin kowane kashi sai an gyara fili. Ke nan Kawu zai hau mota, ya sauko ya tsaya a raga.

Kyaftin ɗin ƙungiyar gabas, wani dogo mai jan gemu, ya ce bai yarda ba. Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Ya ce kowa ya san mai mota yana iya barin gari a gaban ragar da zai tsare don faifai ya riƙa tafiyar hawainiya, ya kuma mayar da ɗaya gefen kamar madubi. Bai ce Kawu zai yi ba, amma bai san shi ba. Don haka ɗaya za a zaɓa, ko mota ko raga. In Kawu ya bar mota babu wasa. In ya bar raga, wani mai tsaron baya ne zai sa kayan, shi kuma ya gama shekara goma sha biyu a kan kujerar mota yana kallo.

Kawu ya taho bakin katanga inda muke, kwalkwali a hannu. Badamasi ya ce, "Me jan gemun yake cewa?"

"Wai kada in yi wa kaina shimfiɗa mai laushi."

"To ai da gaskiyarsa. Ni ma da na san ka ba zan yarda ba."

"Kai da ka sa mini hannun riga a baibai ranar Sallah?"

Mama ta ce, "Lawali, ka bar musu. Gwiwar ma ta huta."

Kawu ya juya yana kallon filin. Can ya ce wa Badamasi, "In mun yi watanda a Sulay, wa yake kasa naman?"

"Kai."

"Wa yake ɗauka a ƙarshe?"

Badamasi ya yi murmushi ya gyara hularsa.

Kawu ya koma tsakiyar fili. Da guntun Turancinsa da Larabcin kasuwa da hannu ya yi musu bayani. Ya ce a garinsu idan mutane suka haɗu suka yanka saniya, mutum ɗaya ne yake kasa naman kashi-kashi, kuma ba a sa masa mai gadi. Abin da ake yi, kowa ya zaɓi nasa, wanda ya rage shi ne na mai kasawa. Don haka shi zai gyara fili, in ya gama 'yan gabas su duba, su zaɓi gefen da suke so a kowane kashi, shi ya tsaya a wanda suka bari. Alƙalin wasa ya ce ba haka dokar take ba, gefe juyawa ake yi. Likitan haƙori ya ce dokar ma ba ta san da gola mai tuƙa mota ba. Dogon ya shafa gemunsa, ya ce ya yarda.

Ban taɓa ganin abu kamar wannan ba. Kawu ba shi da lokacin tuɓe kaya duka, sai ya cire na ƙafafu da takalmi kawai, ya hau mota da sulken ƙirji, yana zagaya fili a hankali kamar ba shi ake jira ba. Da ya gama kashi na farko, dogon ya cire safar hannu, ya je gaban wannan raga ya durƙusa ya shafa, ya je gaban waccan ya shafa, ya tura faifai nan ya tura can. Ya daɗe. Sannan ya zaɓi gefen ƙofa. Kafin kashi na biyu ya sake dubawa, amma a tsaye, ya zaɓi ɗaya gefen. Kafin na uku, Kawu ya sauko daga mota yana ɗingishi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya tsaya yana jira. Dogon bai ko taka filin ba. Daga bencinsu ya ɗaga sanda ya ce Lawali ya tsaya inda ya ga dama.

Kawu ya ƙi. Ya ce magana magana ce, sai sun zaɓa. Dogon ya yi dariya ya nuna gefen da ya fi kusa da shi.

Na ƙirga da bakin biro a bayan hannuna: sau talatin da takwas suka buga masa, ya tare talatin da shida. Akwai wanda ya kama da safar hannu yana kwance, har 'yan ɗaya ƙungiyar suka riƙa buga sandunansu a ƙanƙara, wanda na ji an ce haka suke jinjina wa mutum. Mama da ta ce ya bar musu, ita ce ta miƙe bargo ya faɗi. An tashi biyu da ɗaya, 'yan gabas suka ci. Na biyun ya shiga saura minti uku.

Da yamma aka taru a gidanmu. Kawu ya miƙe ƙafa a kan matashi, Mama tana gasa masa gwiwa da tawul. Badamasi, don ya sanyaya masa rai, ya riƙa faɗa wa duk wanda ya shigo cewa ruwa ne bai gama daskarewa ba a gaban raga, shi ya sa ƙafar Lawali ta zame. Sai da Kawu ya ga na ɗauko littafin da nake rubuta abubuwan gidanmu, haihuwa da rasuwa da tafiye-tafiye, ya yafito ni.

Ya ce, "Zuwaira, in za ki sa wannan a ciki, kada ki sa maganar telan nan. Ki rubuta ta ƙarƙashin hammatar hagu faifan ya wuce, ni na makara. Filin kuwa lafiyarsa ƙalau, gefe da gefe. Haka za ki rubuta."