Siyasar Kicin ɗin Malam Mu'awiya

Malam Mu'awiya tarihi ya koyar a Zariya kafin aikin kargo ya kawo shi Dubai. Yini yake yana ɗaure kwalaye a wani sito a Al Qusais, amma da ka ba shi fuska sai ya kai ka Amurka ta farkon mulkin zaɓe. Ba shugabannin ne ke burge shi ba, masu ba su shawara ne, waɗanda a cewarsa ta ƙofar kicin suke shiga fada. Shi ma a kicin yake tasa siyasar, a gidanmu na haya a Abu Hail, inda mutum biyu ba sa tsayuwa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa.

Bai taɓa tsayawa takara ba. Amma duk wanda ya shugabanci ƙungiyarmu ta Hausawan Dubai sai da ya yanka masa albasa, don Malam ba ya ba mai zaune shawara.

Bana zaɓe ya yi zafi. 'Yan kasuwa na bayan Alhaji Salmanu, 'yan albashi na bayan Shu'aibu injiniya, kowane ɓangare ya rantse in ya faɗi zai ɓalle. Hankalin Malam ya tashi, don tuwon Juma'ar da yake tara mu a kai shi zai fara mutuwa.

Sai ya kira 'yan takarar biyu rana ɗaya, ba wanda ya san da zuwan wani. Ya miƙa wa Alhaji muciya, ya ce wa Shu'aibu, "Injiniya, riƙe masa tukunya, yalla, maza."

"Malam, shawarar fa?" in ji Alhaji, gumi na zuba.

"Tuƙa dai, Alhaji. Mutanen can na Amurka ba cin zaɓe ne ya riƙe su ba. Wanda ya faɗi ne yake dawowa taro."

Tuwon ya yi gudaji, muka ci muna yi musu tsiya.

Shu'aibu ne ya ci zaɓen. Juma'ar da ta biyo baya Malam ya ɗora ruwa, ya kasa zaune ya kasa tsaye, kunnensa na ƙofa. Ruwa ya tafasa, ya ƙara wani. Can sai ga Alhaji Salmanu da mutanensa, yana naɗe hannun riga.

"Ina shugaban?" ya ce. "Ya zo ya tuƙa, yau ni ke riƙe tukunya."

Malam ya juya yana share ido, alhali ko albasa ba a soma yankawa ba.