Kiɗan da Na Tsinto a Cikin Rumbu

Allah ya nuna mini abubuwa da dama a rayuwa, wasu sun wuce kamar ba a yi ba, amma ranar da na shiga rumbu da gita ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Duk lokacin da na tuna sai in yi dariya, daga baya kuma in yi hamdala.

A wancan lokacin muna da 'yar ƙungiyar kiɗa a Tamaske, irin wadda ake kira orkes, muna wasa a bukukuwan aure. Ni ne mai bas, wato gitar nan mai kaurin tsirkiya wadda ke fitar da muryar ƙasa. Abokaina Malam suke ce mini, don na yi karatun allo, na iya ajami, kuma ba na yarda a taɓa kayan kiɗa sai an sallaci la'asar. Rubutun kiɗa irin na Turawa ban taɓa ganinsa ba, da kunne nake aiki. A kiɗanmu kuwa aikin mai bas ba shi da wuya: inda mai gita ya taka, nan kake takawa.

Ana nan sai ƙanen shugabanmu, wanda muke kira Shef, ya dawo daga bida, wato ci-rani, a Abijan. Ya yi noman damina, aka sa ranar aurensa kafin ya koma. Ya zo da wata waƙar Turawa a salularsa, irin kiɗan nan mai ƙarfi da ake kira rok. Ya ce ita ce ta riƙa ɗebe masa kewa lokacin da yake tura baro a can, kuma ita yake so a kaɗa masa ranar biki, Shef ya ɗora mata baitoci da Hausa.

Mai gita ya kama nasa, mai ganga ya kama nasa, ni kuma na bi gita a baya kamar yadda na saba. Da muka gwada a gaban ango sai ya ɓata fuska.

"Malam, wagga ba ita ta ba," in ji shi. "Can in an sa ta ga manyan bafil, akwai wani abu ƙarƙashi da ka tahiya tai dabam. Kai ko ka liƙe ma gita awa ɗan akuya bayan uwatai."

Na ce, "To ni ban ji komi ƙarƙashi ba."

Gaskiya na faɗa. Ɗan bakin salula ba ya fitar da murya mai kauri, tsiwar gita da ƙarar ganga kawai yake bayarwa. Manyan bafil, wato manyan lasifikoki, sai ranar biki ake ɗauko su daga Keita, ɗan ampilin da muke ƙara sauti da shi wurin gwaji kuma ya tsufa, in aka haɗa shi da salula komai sai ya cuɗe ya zama gunji.

Shef ya ja ni gefe. "Malam, ba ni son ɓacin ranka, amma yaron ga ƙanena na. In Juma'a ta zo ba ka gano ta ba, akwai wani mai piyano can birnin Tawa, da yatsa guda yaka hiddo bas. Shi za ni kira."

Na san abin da wannan ke nufi. Na ga yadda aka yi da mai bas na wani orkes a Madawa: tun ranar da piyano ya shigo, naɗe wayoyi ya zama aikinsa. Na karɓi waƙar a tawa salular, na yi ta saurare, a gona, a kan hanya, a gindin bishiya. Na kara ta a kunne har kunnen ya yi zafi. Babu abin da na ji sai abin da na riga na ji.

Lokacin gero ya kusa yanka, maiɗakina kuma ta daɗe tana yi mini maganar rumbu, a share shi a lilliƙe tsagoginsa kafin sabon hatsi ya shigo. Rumbunmu na ƙasa ne, babba, irin na ƙasar Adar, wanda ake shiga ta sama. Ranar Laraba da hantsi na kafa tsani, na ɗage murfin, na zura ciki riƙe da tsintsiya, salula na aljihu tana ta waƙarta. Ƙafata na taɓa ƙasa sai na ji waƙar ta canza. Ta cika wurin, ta yi kauri, kuma can ƙarƙashinta ga wata murya tana tafiya a hankali, kamar namiji yana gunguni a ɗakin da ke kusa. Na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Na ce, "Allahu Akbar, ashe kana nan."

Na jingina salular da bango, na ɗaga kai na kira maiɗakina, na ce ta miƙo mini gita.

Ta leƙo ta bakin rumbun. "Malam, lahiya? Tsintsiya na ba ka. Gita mi za ta share?"

"Ke dai miƙo, don Allah."

Da igiyar guga ta zuro mini ita, tana faɗin ita dai yau ta ga abin da ya ishe ta. Ba wutar lantarki a rumbu, bas kuwa in ba wuta da ƙyar ake jinsa, sai na ɗora haɓata a jikin gitar, sautin ya riƙa shigowa ta ƙashin muƙamuƙina. In saurari kaɗan, in tsayar, in lalubo a kan tsirkiya, in koma baya. A nan na gane gaskiyar ango. Mai bas ɗin nan ba ya bin kowa. In gita ta hau, shi sai ya sauka. In ta tsaya tana kuka a wuri ɗaya, shi sai ya yi ta zagaya ta.

Matsalar ita ce riƙewa. Ina kama gaba, baya na zubewa. Ajamin da na iya yana riƙe kalma, amma ba ya riƙe hawa da saukar murya. Sai na tuna makaɗan kalangu na garinmu, waɗanda ba sa ƙirga komai, magana suke sa wa ganga ta faɗa. Na ce bari in nema wa wannan muryar magana. Na dubi rumbu wayam, abin da ya zo bakina shi ne, "Ina gero? Babu gero." Wallahi ya zauna daram, kamar don shi aka yi. Bayan "babu gero" sai muryar ta ɗauke gaba ɗaya, kamar mai jan numfashi, sannan ta hauro: "Sai an yanke, sai an ɗaure." Na yi ta maimaitawa ina bugawa, zufa na zuba, ƙaiƙayi na cin wuyana.

Daga waje na ji maiɗakina tana gaya wa maƙwabciyarta, "Yana ciki. Bai share ba, gori yaka yi ma rumbu."

Kiran azahar ne ya fito da ni, fari fat da ƙura, amma waƙar tana kaina daga farko har ƙarshe.

Washegari muka haɗu gwaji. Ango ba ya nan, ya tafi Keita sayayya. Muka fara, komai na tafiya, har muka iso wurin ɗaukewar nan, na ɗauke hannuna. Shef ya tsayar da kiɗa.

"Malam, ka mance?"

"Ban mance ba. Nan wurin shiru na."

"Wane irin mai bas ka yin shiru tsakiyar waƙa? In ba ka gano ba ka ce ba ka gano ba, gobe Juma'a."

Maganar ta yi mini zafi, amma ban yi musu ba. Na ce, "Shef, taho mu tai gida in gwada maka."

Shef mutum ne mai jiki, ga shi ranar cikin shadda. Da ya ga na kafa tsani a jikin rumbu sai ya ce, "Kai Malam, ni za ka maida dami?" Amma ya hau. Da farko kai kawai ya zura, daga baya muka ga ya shige gaba ɗaya da salular a hannu. Ni da sauran 'yan orkes da suka biyo mu muka tsaya a waje muna jira. Can sai muka ji muryarsa daga ciki, ta yi kauri kamar ta mai magana a rijiya: "La'ilaha illallahu! Malam, mutumen ga shiru yay yi da gaske!"

Fitowar ce ta zama aiki. Muna jan hannunsa yana nishi, mai ganga na cewa, "Ku bar shi nan, bana Malam ya cika rumbu tun ba a yi yanka ba." Yana saukowa, ko ƙurar rigarsa bai kakkaɓe ba, ya kira Tawa a gabana ya ce wa mai piyano ya yi zamansa, suna da mai bas.

Ranar biki, bayan la'asar, aka jera manyan bafil a filin ƙofar gidan su ango. Na yi bisimilla a zuciyata na taɓa tsirkiya, na ji sautin ya bi ƙasa ya shigo ta tafin ƙafata. Jama'a na jin waƙar Turawa da baitocin Shef, ni kuwa a raina gero kawai nake tambaya. Da muka iso wurin shirun na ɗauke hannu, filin ya zama kamar an ɗauke masa numfashi, sannan na hauro. Ango ya zabura daga kan tabarma, babbar riga na jan ƙasa, yana ihu, "Ita ta! Wallahi ita ta!" Ya zo ya rungume ni da gitar duka, har na kusa ɓata bugun. Ban ɓata ba. Na kai ta har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba, ranar na ji daɗin kaina ƙwarai, Allah ya yafe mini in ya yi yawa.

Abin da na koya shi ne, sau da yawa abin da mutum ke rantsuwa babu shi yana nan, wurin da ya tsaya ne ba ya bari ya ji. Tun daga lokacin, in wani ya ce mini ya ji abin da ni ban ji ba, ba na saurin ƙaryata shi. Nakan tambaye shi inda ya tsaya, in je in tsaya a wurin.